Ranar da Mama Ta Koma Gaban Tanda

Ban sani ba ko a cikinku akwai wadda ta taɓa durƙusawa tana bin wari a ɗakin mahaifiyarta, hanci a gaba kamar mage. Ni dai Nafeesa na yi, kuma ana jibi dangin saurayina za su zo gidanmu. Tsami ne ya cika ɗakin, irin mai kama maƙogwaron nan. Na ɗaga labule, na buɗe durowa, na shinshina kwandon wanki, babu komai. Sai da na kwanta rub da ciki na haska fitilar waya a ƙarƙashin gado, sannan na gan su a jere: robar wanki, kwanon sha, tsohuwar kular Mama mai zanen fure, har da bokitin fentin da muke tara ruwa. Kowanne cike da shinkafar tuwo a jiƙe. Wata ta yi kumfa, wata har ta fara baƙi.

"Mama, wannan fa?"

Tana zaune a bakin gado da carbinta, ɗankwali ya zame gefe. Ta leƙo ta gani, sai fuskarta ta washe.

"Ta masa ce mana. Ba baƙi za mu yi ba? Ai sai an jiƙa."

"To an jiƙa, Mama. Me ya hana ki ce in kai inji?"

Ta tsura wa bokitin ido. "Inji," ta maimaita a hankali, kamar na kira sunan wata tsohuwar maƙwabciya da ta manta kamanninta. Na kwashe kwanukan na fita da su bayan gida, na zubar ina kuka, don buhun da Yaya Saleh ya kawo mana saura ƙasansa.

Bari in gaya muku wace ce Mama, don kada ku ɗauka haka take tun asali. Sunanta Hajiya Safiyatu, amma duk wanda ya yi aiki a Sakatariyar gwamnati a shekarun baya da Maman Saleh mai masa ya san ta. 'Yar Bauchi ce, kuma kun san mutanen Bauchi da masa ba a ja da su. Bayan rasuwar Babanmu da tandar nan ta riƙe mu. Daga nan Karshi take tashi tun kafin kiran assalatu, ta san motar da za ta shiga ta tsallake cunkoson Nyanya, ta san ogan da ba ya son sukari da madam ɗin da sai an ƙara mata yaji. Tana suyar yau tana lissafin jiƙon gobe, tana yi mini kitso tana ba Yaya umarnin gawayi. Duk a ka. Matar da ke tafiyar da abu goma a lokaci guda ba ta tuntuɓe ko ɗaya, ita ce yau ta san ana jiƙa shinkafa, daga nan kuma hanya ta ɓace mata.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne Mama ba ta manta mu ba. Ta san sunana, ta san ranar da ta haifi Yaya, za ta ba ka labarin bikinta har kalar zanen da ta ɗaura. Gaisuwa kuwa, wallahi in kuka gaisa da ita sai ku rantse lafiyarta ƙalau. Abin da ya tafi shi ne jera abu, wannan sannan wannan. Ka ba ta kofi da ganyen shayi da ruwan zafi, sai ta tsaya tana kallonsu har ruwan ya huce. Ka ajiye mata atamfa biyu ka ce ta zaɓa, sai ta fashe da kuka. Alwala ma sai na tsaya a kanta ina cewa, "Sai baki, Mama. Sai hanci." Likitan da muka gani a cikin gari ya ce ba aljanu ba ne, ba kuma hauka ba ce, cuta ce ta ƙwaƙwalwa, dimenshiya, wadda mutanenmu ke jefawa cikin gigin tsufa. Ya ce a wurin wasu ba mantuwa take fara kawowa ba, tsara abu da yanke shawara take fara cinyewa. Ya ce in daina yi mata tambaya mai rassa, in riƙa ba ta abu ɗaya, in ta gama in ba ta na gaba. Tun daga ranar na zama bakin da ke gaya wa Mama abin da ke biye.

Yaya Saleh kuwa tun a motar dawowa ya kafa doka.

"Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Kin ji ko?"

"Har Nazeer, Yaya?"

"Musamman ma shi! Kin san mutanenmu. Kina cewa ƙwaƙwalwa za su ce gidan masu taɓin hankali ne, gado ne, kada a haɗa iri. A ɗaura tukuna, in ya so kowa ya ji."

Shi yana Orozo da matarsa da yaransa, yana leƙo mu ranar Asabar da leda a hannu, ya gaisa da Mama ta amsa masa tsaf, ya tafi yana cewa ai da sauƙi. Ni da nake kwana da ita nake tashi da ita, ni na san irin sauƙin.

Nazeer injiniya ne, dogo, mai sanyin magana, irin mazan da in suna dariya sai sun rufe ido. Kamfaninsu ya riga ya gaya masa bayan biki Fatakwal za su mayar da shi, kuma duk hirarmu a kan gidan da za mu kama can take ƙarewa. Ina son shi, ba zan yi muku kara ba, son da in wayata ta yi ƙara sai na ji shi har tafin ƙafata. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwar babansa ce ta raine shi, Gwaggo Uwani, tsohuwar darakta da ta yi ritaya. Abin da ta ce shi ne magana a gidansu. Ita ce za ta zo ganin gidanmu kafin maza su shigo maganar.

Dabarar Yaya ita ce ranar ya ɗauke Mama zuwa Orozo, a ce ta je dubiya, matarsa ta zo ta karɓi baƙi. Har na fara samun barci a kan haka, sai ga saƙon Nazeer.

"Feesa, albishirinki."

"Goro fari."

"Ashe Gwaggo ta san Mama! Na ce mata Maman Saleh ta Karshi, sai ta miƙe tsaye. Ta ce shekara da shekaru masarta ce karin kumallonta a ofis."

Na zauna a kan buhun gawayi ban sani ba.

"Ta ce kada a wahalar da kai da wani fried rice. Masar Mama kawai take so, da zafinta, daga tanda. Kin ga an gama, Gwaggo ta riga ta zama taki."

Ya sa hoton dariya har uku. Na mayar masa da guda ɗaya. Kuskuren da na yi shi ne na karanta wa Mama saƙon, ina ganin zai faranta mata rai. Ya kuwa faranta mata. Daga ranar duk sanda na juya baya sai ta ɗebi shinkafa ta jiƙa, ta ɓoye don kada kaji su taɓa, ta manta ta jiƙa, ta sake ɗiba.

Da na gama zubar da shinkafar nan na kira Yaya ina shessheƙa. Ya yi tsaki ya ce, "To ke ba ki iya masar ba ne? Ki yi ki ce ita ta yi."

"Daga tanda ta ce, Yaya. So take ta gan ta."

"Nafeesa, please, ina da meeting. Ki san yadda za ki yi."

Anti Perpetual ce ta same ni a bakin famfo ina wanke kwanuka. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Filato, tana da shagon kayan masarufi a jikin katangarmu. Ita kaɗai ta san halin da ake ciki, don ita ta taɓa tsinto Mama a bakin kasuwar Karshi, riƙe da jaka, ta kasa sanin ko shiga za ta yi ko fita.

"Nafisa, menene kuma? Mama ya yi wani abu?"

Na gaya mata komai. Ta riƙe ƙugu.

"Kin gwada sa shi a gaban wuta? Kaka na a Pankshin, ya manta komai, amma in ka ba shi fartanya, sai noma. Hannu ba ya mantuwa kamar kai. Ke ki yi kullu, Mama ya soya."

A ranar na jiƙa sabuwar shinkafa a shagonta, inda Mama ba za ta gani ba. Washegari ta kai mini inji, na haɗa ɗan kullu na gwaji, na hura gawayi, na ɗora tsohuwar tandar da ta yi shekaru a jingine. Na kamo hannun Mama na zaunar da ita a kujerarta 'yar tsugunno, na sa mata ludayi a dama, cokalin juyi a hagu. Na ja gefe ina kallo. Ta kalli tandar, ta kai tafin hannu sama da ita ta ji zafin. Sai ta ɗiga mai, ta zuba kullu, gurbi bayan gurbi, ba wanda ya fi wani. Da gefen ya yi ja ta sa cokali ta juya, fat, fat, fat. Jama'a, na ga Mamata ta dawo. Har harara ta ta yi ta ce wutar ta yi yawa, wa ya koya mini hura gawayi haka kamar mai gasa masara. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Abu ɗaya na lura da shi. In ta juya, ba ta sanin lokacin kwashewa sai na ce, "Kwashe, Mama." In kwanon kullu ya ƙare, ba ta sanin a ƙaro. Na ce wannan mai sauƙi ne, ina gefenta, zan riƙa raɗa mata.

Ranar Asabar na tashi na share gida har inda ba a gani. Na canza labulen falo, na turara shi da turaren wuta, na yi miyar taushe da kabewa da ƙashin rago. Kullu ya tashi ya yi kyau, yana ƙamshin albasa. Na fito wa Mama da atamfa guda ɗaya tak, shuɗiya mai ganye, na miƙa mata zane, sannan riga, sannan ɗankwali. Ni kuma na sa doguwar rigar leshi ruwan zuma da Nazeer ya ce tana yi mini kyau, na yafa farin mayafi, na zizara kwalli don a daina ganin kumburin idona. Yaya ya zo da shaddarsa yana ta duba waya, ya ja ni gefe.

"Gaisuwa kawai. Kada ki bari hira ta yi tsawo."

Da hantsi motarsu ta tsaya. Gwaggo Uwani ta shigo da wasu mata biyu, doguwar mace mai farin gilashi, lafaya ruwan toka, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Na durƙusa har ƙasa na gaishe su. Mama ta fito, suka kalli juna, sai Gwaggo ta buɗe hannu.

"Maman Saleh! Ashe rai kan ga rai!"

"Hajiya, sannu da zuwa, sannu da hanya. Ya iyali? Ya bayan rabuwa?"

Tsaf, babu gargada. Yaya ya saki ajiyar zuciya har ina jiyo shi. Na kai ruwa da lemo, na ja Mama bayan gida gaban tanda, na zauna a gefenta da faranti. Zubin farko ya fita, na biyu ya fita, na kai falo, na jiyo Gwaggo tana cewa, "Ita ce wallahi, ko a mafarki na ci zan gane ta." Na dawo ina hamdala a zuciyata, ina cewa saura kaɗan, Nafeesa, saura kaɗan.

Sai na ji takun takalmi a bayana.

"Ni fa ba zan zauna a falo kamar baƙuwa ba," in ji Gwaggo. Ta janyo turmi ta kife, ta tattare lafayarta ta zauna daf da Mama. "Yarinya, ɗan ƙaro mini miyar nan."

Ya zan yi? In ce a'a? Na tashi da gudu-gudu na shiga kicin, na zubo miyar har tana zuba mini a yatsa. Ina fitowa na ji tana cewa:

"Maman Saleh, yau dai sai kin ba ni sirrin nan. Shekaru ina roƙonki kina yi mini dariya. Yanzu mun zama ɗaya. Faɗa mini daga farko, ya kike haɗa kullun?"

Mama ta yi murmushi, irin na mai abin hannunta. "Ai ba wuya, Hajiya. Ana jiƙa shinkafa."

"To, an jiƙa. Sai me?"

Murmushin bai bar fuskarta ba, amma na ga idonta ya fara yawo. Ta kalli ludayi, ta kalli kwanon kullu.

"Ana jiƙa shinkafa," ta sake cewa.

"Eh, na ji wannan. Bayan an jiƙa fa? Kwana take yi ko wuni? Kuma da kanwa kike yi ko da yis?"

Tambaya uku a numfashi ɗaya, biyu a ciki masu rassa. Na san abin da zai biyo baya kamar yadda na san sunana. Na buɗe baki in ce ai Mama ba ta ba da sirrinta, mu yi dariya a wuce wurin. Kalmomin suna kan harshena. Amma Mama ta riga ni. Ta juyo ta kalle ni, hayaƙi ya fara tashi daga tandar don ba wanda ya ce ta kwashe.

"Nafi," ta ce da wata ƙaramar murya, "me ake yi bayan an jiƙa? Na san shi fa. Wallahi na san shi."

Hawaye ya gangaro mata. Masa tana ƙonewa a gabanta, ita da ko gefe ba ta taɓa bari ya yi baƙi ba, kuma ba ta san ta ɗauke ba. Na ajiye miyar, na durƙusa na kwashe su da hannuna, ban ma ji zafin ba. Na riƙe yatsunta na ce, "Ana kaiwa inji, Mama. Kin san shi. Ke kika koya mini."

Yaya ya leƙo daga ƙofar kicin yana zare mini ido, yana girgiza kai. Na kalle shi na kalli Mama. Na gaji, jama'a. Gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Gwaggo," na ce, ban ɗago ba, "Mama ba ta da lafiya. Cutar ƙwaƙwalwa ce. Ni na haɗa kullun. Hannunta ya iya suya, amma ba ta iya jera abu, sai an gaya mata ɗaya bayan ɗaya. Ba hauka ba ce, likita ya ce..."

"Na san ba hauka ba ce."

Na ɗago. Ta cire gilashinta tana goge shi da bakin lafaya.

"Alhajina haka ya yi kafin Allah ya karɓi abinsa. Mutumin da ya tsara hanyoyin rabin garin nan, ya zo ya kasa sanin wanne ake fara sawa, safa ko takalmi. Ni na yi jinyarsa har ƙarshe. Tun da ta maimaita maganar nan na gane."

Wani sanyi ya ratsa ni. Na ce a raina Allah Ka ji kukana, ashe duk tsoron banza muke yi. Har na fara murmushi cikin hawaye.

"Nazeer ya sani?"

"A'a, Gwaggo."

"Wa ke kwana da ita?"

"Ni."

"Wa ke yi mata wanka, wa ke tsaya mata a alwala?"

"Ni ce."

Ta waiwaya ta kalli Yaya, tun daga hularsa har takalminsa, kallo ɗaya. Ya sunkuyar da kai ya koma ciki. Ta mayar da gilashinta.

"'Yata, ni ban ga aibu a gidanku ba, kuma duk wanda ya ce gado ne ni zan ba shi amsa. Amma ciwon nan gaba yake yi, ba ya dawowa baya. Kuma mai shi ba ya son sabon wuri. Na taɓa kai Alhaji gidan ɗanmu na mako guda, bai ƙara gane hanyar banɗaki ba har ya bar duniya. In kin kai ta Fatakwal kin ƙarasa ta. In kin bar ta kin tafi, ba za ki zauna a gidan yarona da zuciya ɗaya ba, ni na san wannan zaman." Ta miƙe tana gyara lafayarta. "Ban ce a'a ba. Amma ba zan turo maza ba sai kin gaya mini wanda zai zauna a inda kike zaune yanzu. Kuma Nazeer zai ji yau. Ki zaɓa, daga bakina ko daga naki."

Ta sunkuya ta dafa kafaɗar Mama. "Maman Saleh, masa ta yi daɗi. Allah Ya ba da lafiya."

"Amin, Hajiya. A gaida gida. A gaida yara."

Na ji tashin motarsu. Na ji Yaya yana waya a zaure, yana ce wa matarsa ai ga shi nan, yarinyar nan ta ɓata komai, shi kuma gidansa ɗaki biyu ne, ina zai sa Mama. Bai shigo ya yi mana sallama ba.

Ina nan durƙushe a gaban tanda, leshina ya sha toka, yatsuna sun fara tashi. Mama ta share hawayenta, ta riga ta manta abin da ya sa ta kuka. Ta ga gurabe babu komai, sai ta ɗiga mai ta zuba sabon kullu, tana 'yar waƙarta a hanci.

Wayata ta haska a kan tabarma. Nazeer.

"Gwaggo ta ce in kira ki yanzu, wai kina da magana. Feesa, lafiya? Gabana faɗuwa yake."

Kafin in gama karantawa kiran ya shigo, sunansa da 'yar zuciyar da na sa a gefe suna rawa a fuskar wayar. Na miƙa hannu. Duk abin da nake so a duniya yana cikin wannan kiran, kuma ban san da wace kalma zan fara ba.

"Nafi," Mama ta taɓa gwiwata. Ta juya su duka, sun yi ja, sun kumbura, cokali yana tsaye a hannunta. "Na juya. Sai me?"

Wayar tana ta ƙara. Na kife ta a kan tabarma, na matso da faranti.

"Sai ki kwashe, Mama."